Ɗan Haya a Kejin Magajin Gari

Bergen, 4 ga Oktoba, 1994

Yaya Yamina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan wasiƙar nan za ta same ku lafiya, ke da Baba. Ya ƙafafunki? Ya wankin asibiti? Ni lafiyata ƙalau, sai dai sati uku na yi ban taka wurin da ba ya motsi ba. Kukun jirgin ruwanmu ya ce ni ne mutum na farko da ya gani yana fere dankali, yana amai, yana kuma ba da labari, duk a lokaci guda. Yanzu aman ya tsaya, labarin ne bai tsaya ba.

Ki ce wa Baba ina sallah a kan lokaci. Alƙibla ce kawai take yawo.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ya Magajin Gari? Na san har yau ɓera kike kiransa. Ba ɓera ba ne, hamsta ne, ki duba bayansa ki nuna mini wutsiya. Kuma ki riƙa kiransa da sarautarsa, ai ya cancanta: ga tumbi, ga barcin rana, ga cika kumatu da abin da bai sha wahalarsa ba.

Garin katakon da ke ƙasan keji a canza shi duk Asabar, amma a bar masa kusurwar da yake ɓoye abinci. In an taɓa ta, kwana biyu yake yi yana fushi. Kokwamba kaɗan-kaɗan, in ta yi yawa zawo take sa shi. Kada a tashe shi da rana, cizo yake yi. Wilin da yake gudu a ciki in ya fara kuka, a ɗiga masa man zaitun.

Da gangan na bar kejin a ɗakin Baba, ke ma kin sani. Tun rasuwar Mama ban ga ya tsura wa wani abu ido ya daɗe ba sai wannan ɗan halittar.

Na buga waya sau biyu daga nan, ba a ɗauka ba. Na san kina wurin aiki, na kuma san Baba bai sake taɓa wayar nan ba tun ranar da aka kira daga asibiti. Ba komai. Ki rubuto ta ofishin kamfani, su suke tura mana tashar da za mu tsaya a gaba.

Ƙaninki da ya fi ki kyau,
Mimun

*

Gouda, 12 ga Oktoba

Mimun,

Wa alaikassalam. Wasiƙarka ta iso, muna lafiya, alhamdu lillahi. Ƙafafuna suna nan yadda ka bar su, a kumbure. An mayar da ni aikin safe. Ƙarfe biyar da rabi nake hawa keke, ruwa yana dukana, in yi ta ninke zannuwan gado har ƙarfe uku, in dawo in ɗora tukunya. Ba ni da wani labari bayan wannan.

Hawan jinin Baba ya ɗan sauka. Abinci sai na tsaya a kansa. Bai je masallaci ba tun Juma'ar da ka raka shi. Abokansa sun zo sau biyu, ya juya wa bango fuska kamar mai barci, ni na zauna na sha shayin da su don kunya.

Ɓeran naka ne kawai yake tashinsa daga gado, wannan kam na ba ka. Yana idar da sallar asuba zai ja kujera gaban keji, ya yanka kokwamba siriri-siriri da wuƙar Mama, yana yi masa hira da yaren ƙauye. Jiya na ji yana ba shi labarin shekarar da rijiyar gidansu ta ƙafe. Ni da ya haifa bai taɓa ba ni labarin nan ba. Ɗan burodin da yake ci ma a nan yake cinsa, ya gutsura nasa, ya miƙa wa ɓera nasa ta tsakanin waya.

Yanzu ga sabuwa. Shekaranjiya ya kira ni.

"Yamina, zo ki gani."

Na zo, ɓera yana ta gudu a wili.

"Me zan gani, Baba?"

"Gudu yake yi, ba inda yake zuwa. Kin san me ke damunsa? Kaɗaici."

Na ce motsa jiki ne kawai. Ya ce in rufe masa baki. Wai tun yana yaro har ya baro ƙauye yake kiwon tattabaru da zomaye, bai taɓa ajiye rai guda ɗaya tilo ba, alhaki ne. A samo masa ɗan'uwa.

Mimun, wata shida ke nan Baba bai ce in yi masa komai ba. Ko gishiri bai taɓa cewa in miƙo ba. Saboda haka zan sayo. Namiji zan nema, ba ni da ƙarfin renon jikokin ɓera.

Ka sa rigar sanyi, ka daina cika wa mutane kunne.

Yayarka,
Yamina

*

Aberdeen, 21 ga Oktoba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Baba, ina gaida ƙafafu. Lafiyata ƙalau, na ƙara kilo biyu, duk na dankali.

Kafin komai, ki zauna. Na yi aure. Ɗiyar kyaftin ce, shekarunta arba'in da tara, tana da haƙori ɗaya na zinare da karnuka uku. Ta ce za ta zo ta zauna da ku kafin in dawo, ki gyara mata ɗakina.

(Juya shafin.)

Kin tashi daga ƙasa? To wasa nake. Ɗiyar kyaftin shekararta shida, ko ita ma ta ce na cika surutu.

Yanzu maganar ɗan'uwa. Yaya, kada ki kuskura. Magajin Gari ba ya raba mulki da kowa. Ke kin taɓa jin gari mai magaji biyu? Irinsu su kaɗai suke zama, kowa da raminsa. Ko uwa ɗaya ta haife su, in suka girma sai ɗaya ya ga bayan ɗaya. Kees, wanda muka yi aikin lambun furanni tare, shi ya ba ni shi, kuma shi ya gaya mini haka tun ranar farko. In dai kin ce sai kin sa masa wani a keji, to ki tanadi likkafani ɗan ƙarami, hankicin Baba mai ratsin shuɗi zai isa, ni zan yi sallar daga nan.

Ki ce wa Baba gudun da yake gani ba na kaɗaici ba ne, na tumbi ne. In kuma ya dage, ki liƙa hotona a jikin keji. Duk wanda ya kalle ni kwana uku sai ya gode wa Allah da zama shi kaɗai, ke shaida ce.

Na ji daɗin labarin rijiya. Ki laɓe ki ji ƙarshensa ki rubuto mini.

Angon da bai yi aure ba,
Mimun

*

Gouda, 29 ga Oktoba

Mimun,

Wa alaikassalam. Muna lafiya. Allah ya shirye ka. Minti goma na yi zaune a ƙasan kicin kafin na iya juya shafin nan, miya ta kama.

Sannan kuma a wasiƙar guda kake so in yarda ɓeraye suna kashe juna. Kai ne fa ka ce mini hukumar gari ta hana hawa keke ranar Talata, na taka da ƙafa har wurin aiki cikin ƙanƙara. Kai ne ka ce wa Goggo Fadma cukun nan mai ramuka ɓeraye ake ɗauka haya su huda shi, har yau ba ta ci. Na gaji, Mimun. Ba ni da sauran ƙarfin tsince gaskiya daga cikin maganarka.

Duk da haka na je na duba da idona. Alhamis da yamma na shiga kantin dabbobi, na ga guda takwas a akwatin gilashi, sun hau kan juna suna barci kamar safa a kwandon wanki. Babu wanda ya kashe wani. Na tambayi yarinyar da ke tsaron kantin, ta ɗaga kafaɗa ta ce ita dai kullum tare take ganinsu. Na sayo ɗaya, ruwan toka, bai kai rabin naka ba. Na sa masa suna Ɗan Haya.

Kuma ba jefa shi muka yi ba. Tineke ta bene na ƙasa ta yi kiwon irin manyan nan masu kama da zomo marar kunne, ta koya mana yadda ake yi. A raba keji biyu da ragar waya, kowa da kwanonsa da kwalbar ruwansa. Kullum a ɗebi garin katakon wannan a zuba wa wancan, su saba da warin juna. Bayan sati a haɗa su a busasshen bahon wanka, wurin da ba na kowa ba. In an rabu lafiya, washegari a cire raga.

Ka san wa ya yi aikin? Baba. Da ƙafarsa ya sauka ɗakin ajiya na ƙasa ya ɗauko akwatin kayan aikinsa, bene uku. Na tsaya a bakin ƙofa ina jin takunsa, ban san lokacin da na fara hawaye ba. Ya yanka raga, ya lanƙwasa bakinta don kada ta soke su, har yana yi mini faɗa wai ban iya riƙe filaya ba. Rabon da ya yi mini faɗa tun Mama tana da rai.

Yanzu suna zuwa bakin raga su tsaya, naka yana kaɗa haƙora, kas-kas-kas. Baba ya ce gaisawa suke yi. Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu za mu cire.

Kada ka ɓata masa wannan. Shi ke nan abin da nake roƙonka.

Yamina

*

Gdansk, 3 ga Nuwamba

Yaya Yamina,

Assalamu alaikum. Lafiyata ƙalau. Yau da safe aka ba ni wasiƙarki. Juma'ar da kike faɗa gobe ce.

Babu wasa a wannan takardar, ki duba gaba da baya.

Wallahi tallahi gaskiya na gaya miki. Waɗanda kika gani a kanti jarirai ne, shi ya sa suke kwana tare. Sati kaɗan ya rage a raba su. Dabbobin Tineke wani iri ne daban, su suna son jama'a, dabararta tasu ce. Kaɗa haƙoran nan ba gaisuwa ba ce, gargaɗi ne. Magajin Gari ya haura shekara biyu, a wurinsu tsoho ne tukuf, ƙafarsa ta baya ma ja yake yi in kin lura. Shi zai fara, amma ba shi zai gama ba.

Na roƙi kuku awa biyu, na fita na samu rumfar waya a bakin tasha. Sau bakwai na buga. Kowane ɗaya na bar ta tana kuka har ta katse da kanta. Na san Baba yana zaune taku huɗu daga wurinta. Ba ni da lambar Tineke, ba ni da ta wurin aikinki, ban taɓa tunanin karɓa ba. Jirgi zai tashi ƙarfe biyu, ke kuma sai uku. Kusan sati biyu za mu yi kafin wata tashar da zan iya sauka.

Na san takardar nan ba za ta iso gobe ba. Ina rubutawa ne don na rasa abin da zan yi da hannuna.

In Allah ya sa kun ɗaga ranar, ki bar ragar inda take. Ki sayi keji na biyu. Ki ce wa Baba maƙwabtaka ma zumunci ne.

Mimun

*

Gouda, 6 ga Nuwamba

Mimun,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Baba yana da bandeji a babban yatsa, amma ba wani abu ba ne.

Ban samu amsarka ba tukuna. Zan faɗa maka yadda aka yi, sau ɗaya, kada ka sa in maimaita.

Ranar Alhamis mun sa su a baho. Kowa ya kama gefensa, ba wanda ya kula wani. Tineke ta ce alama ce mai kyau. Juma'a bayan magariba Baba ya yi bisimilla ya zare raga. Minti goma shiru. Ɗan Haya ya zagaya, ya shinshina wili, ya shinshina kwano. Baba ya ce, "Kin gani? Ɗora mana shayi." Ina juyawa ya nufi kusurwar nan da ka ce kada a taɓa.

Ban san abu ƙarami haka yana iya irin wannan ƙara ba. Sun dunƙule wuri guda suna birgima, ba ka gane wane ne wane. Baba ya zura hannu aka cije shi. Ni na kifa wa ɗaya kofin shayi, na ja shi gefe. Duka bai fi ƙiftawar ido biyar ba.

Ɗan Haya kunne kawai ya yage. Naka an cije shi a ciki da wuya.

Jiya da safe na fito na tarar da Baba ya sa kwat da hula, yana zaune da kwalin takalmi a cinya, ya huda murfin. Muka hau bas zuwa wurin likitar dabbobi. Shi ya yi mata bayani da kansa, da yaren mutanen nan, ni ina tsaye. Ta wanke ciwon, ta ba mu maganin ɗigawa a baki, ta ce kada mu sa rai sosai. Sannan ta ce, "Wa ya ce ku haɗa su?" Ta faɗi abin da ka faɗa, kusan kalma da kalma, ban da zancen hankici.

Baba ya ce, "Ni ne. Yaron ya hana."

Ashe ya ji lokacin da nake karanta wasiƙarka ina tsaki.

Ɗan Haya yana cikin bokitin wanki a kicin, na rufe da ragar. Baba ya ce kada ya sake ganinsa. Shi kuma yana gaban keji da abin ɗiga magani, ba ya ko zuwa tebur.

Ka faɗa. Na sani. Kada ka rubuto ka ce ka faɗa.

Yamina

*

Gouda, 11 ga Nuwamba

Mimun,

Assalamu alaikum. Lafiya lau dai, ta jiki.

Magajin Gari ya mutu ranar Laraba da safe, a tafin hannun Baba. Ina wurin aiki. Da na dawo na tarar ya naɗe shi a hankici. Mai ratsin shuɗin. Tineke ta ba mu wuri a ɗan lambunta, gindin katanga, tana ta ba da haƙuri har ni na koma ina lallashinta.

Daga nan Baba ya hau gado. Jiya burodin da na ajiye masa da safe haka na same shi. Kujera tana gaban keji, ba kowa a kanta, ba kowa a ciki. Mun koma watan Afrilu, lokacin rasuwar Mama, Mimun, kuma ni na mayar da mu.

Wasiƙarka ta Gdansk jiya ta iso. Na karanta a tsaye a matakala, ban ko cire rigar ruwa ba. Sannan na shiga na karanta masa, yana kallon bango. Da na zo wurin waya ya ce, "Sake karanta nan."

Na sake.

Ya ce, "Bakwai ne. Ina zaune a nan, na ƙirga."

Ya ja bargo ya rufa.

Ban ce laifinka ba ne. Amma da ka rubuta ta Aberdeen yadda ka rubuta ta Gdansk, da na ji. Ni ma da ban gaji haka ba, da na tambayi wani ba yarinyar kanti ba. Na ga Baba yana sauka bene ne kawai, na ƙi jin komai.

Tineke ta ce ranar Lahadi za ta kai Ɗan Haya wurin wasu 'yan'uwanta. Na ce to. Ni nake ba shi abinci kafin in fita, yana kallona kamar bai yi komai ba.

Ban san abin da zai tashi Baba gobe ba. Ka yi mana addu'a, ko alƙiblar tana yawo.

Yayarka,
Yamina

*

Esbjerg, 17 ga Nuwamba

Yaya,

Wa alaikissalam. Lafiyata ƙalau. Wasiƙunki biyu tare aka ba ni su jiya. Na karanta a ɗakin dankali. Kuku ya leƙo ya ce yau me ya sami rediyon jirgi, na ce batir ya mutu. Ya bar ni.

Ba zan ce na faɗa ba. Ban faɗa ba ai, wasa na yi da ita. Hankicin nan zai daɗe yana bina.

Abin da ke cikin gidan kin riga ni gani. Amma akwai wanda na san ba zai gaya miki ba, don haka ki zauna. A kujera, wannan karon ba sai a ƙasa ba.

Yau ƙarfe goma na safe na shiga rumfar waya. Na san ba kya nan. Sabo ne kawai, in ji tana kuka a gidanmu. Ta yi ɗaya, ta yi biyu. A ta uku aka ɗauka.

"Wa ke nan?"

Muryar Baba ce. Kafin in buɗe baki ya ƙara:

"In ba ka da abin faɗa ka ajiye, mutane suna da aiki."

"Ni ne, Baba."

"Kai ne? Muryarka ta yi kamar ta mutumin kirki."

Na tambaye shi jiki, ya ce jiki yana nan. Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni.

"Bar wannan. Azzalumin nan, yana cin karas?"

"Wane azzalumi?"

"Na bokiti. Na hana Tineke ta tafi da shi. Shi ya ce a kawo shi? Mu muka ɗauke shi muka kai shi gidan mutane. Sannan a bar shi a bokiti kamar tsumma."

Na ce yana ci, amma kaɗan. Ya ce ya wanke keji da ruwan zafi sau biyu don kada ya ji warin marigayi. Haka ya ce, marigayi. Na ce to yanzu ya samu wanda zai ƙarasa wa labarin rijiya.

"Ba na yi masa hira. Ruwa da abinci kawai. Ba mu kai nan ba."

"To, Baba."

"Kuma shi kaɗai zai zauna."

"Shi kaɗai, Baba."

"Wilin nan yana ta kuka da asuba."

"Man zaitun ake..."

"Na sani, ɗan banza. Gwada ka nake yi. In ka sake tsayawa wani wuri ka bugo, ina kusa."

Ya ajiye, ko sallama babu.

Yaya, ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Na san ba ki da dalilin yarda da ni, don haka kada ki yarda. Gobe lokacin hutun shan shayi ki nemi waya a wurin aikinku, ki buga gida, ki ƙirga.

Ƙaninki,
Mimun